Yaran Da Muka Yaye Bana



Mu malamai ne a wata makarantar kwana ta maza mai zaman kanta, irin wadda jama'a ke kira makarantar kuɗi. Duk shekara idan damina ta kankama, an gama WAEC da NECO, sai mu yaye 'yan aji shida. A kafa rumfa, iyaye su zo da kulolin abinci, a kira na ɗaya da na biyu da na uku a miƙa musu kyauta, kafin la'asar an watse. To amma wanda ya zauna da yaro shekara shida ya san abubuwan da ba a faɗa a lasifika. Su muke so mu rubuta tun ba mu manta ba.

'Yan bana sun shigo hannunmu a Satumbar 2019, wasunsu ko ɗaurin igiyar takalmi ba su iya ba. Ba su gama zango na biyu ba korona ta zo, aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, suka yi wata da watanni a gida. Suna aji huɗu aka yi ƙarancin takardun kuɗi, daga nan aka cire tallafin mai a Mayun 2023, komai ya tashi, har da kuɗin makaranta. Wasu abokansu ba su dawo ba bayan hutun wannan shekarar. Waɗanda suka kai ƙarshe sun san cewa kowane zango da gumin wani aka biya shi.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani. Shi ne ya haura 300 cikin 400 a jarrabawar JAMB, a shekarar da fiye da miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu da suka zauna ba su kai 200 ba. Hotonsa na nan a ƙyallen da aka rataya a ƙofar makaranta. Abin da ƙyallen bai nuna ba shi ne, tun yana aji biyar, duk daren Laraba bayan karatun dare yakan tara waɗanda lissafi ke ba wahala a ɗakin cin abinci. Ba wanda ya sa shi. Idan ya yi bayani sau uku ba a gane ba, sai ya ce laifin bayanin ne, ya sake wata hanya. Likitanci yake nema a Jami'ar Bayero. Muna yi wa marasa lafiyarsa murna tun yanzu.

Akwai wanda yara ke kira Injiniya. Ba ya wuce tsakiyar aji a sakamako, rubutunsa kuwa sai ka yi da gaske kafin ka karanta. Amma fankar ɗakin kwana ba ta taɓa kwana biyu a lalace ba tun da ya shigo. Shi ya gane cewa fitilun solar masallaci suna mutuwa da wuri ne saboda ƙurar hunturu da ke rufe farantan, ya tsara wa 'yan ƙananan aji ranakun gogewa. Mahaifinsa lauya yake so ya zama. Mun zauna da shi, mun gaya masa abin da muka gani. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Har yanzu muna jira.

Akwai mahaddacinmu, wanda ya rufe izu sittin yana aji biyar, ya kuma yi ta jan sallar tarawi a masallacin makaranta. Mutum zai zaci irinsa ba ya dariya, alhali shi ne uban barkwancin ajin. Idan ya kwaikwayi tafiyar malamin kimiyya, har malamin kansa sai ya dara. Da bakin nan nasa ya sha raba faɗa tun kafin labari ya iso ofis.

Sai mai ƙararrawa. Shekara guda cur shi ke tashi kafin kowa, cikin sanyi da ruwan sama, ya buga ƙarfen tashin asuba. Ba a ba da kyautar wannan a bikin yaye. Amma a makon da zazzaɓi ya kwantar da shi, makaranta duka ta rikice: an makara salla, an makara karin kumallo, darasin farko ya tafi. A nan muka ga nauyin da yaro ɗaya ya ɗauka ba tare da ya taɓa faɗa ba.

Akwai kuma wanda ku marubuta za ku so. A makarantun kuɗi da yawa har tara ake cin wanda ya yi Hausa. A tamu ba a cin tara, amma iyaye da yawa ba sa son ganin Hausa cikin darussan da ɗansu zai zauna a WAEC. Shi ya dage ya zaɓe ta. Yana da littafin rubutu mai bangon kwali da ya cika da gajerun labarai, ana karɓa ɗaki-ɗaki har bangon ya yage. Mun tuna masa cewa Abubakar Imam bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Yaron ya yi murmushi, ya ce shi ma yana da sauran lokaci ke nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa na ajin ne gaba ɗaya. Ana dab da rufe rajistar jarrabawa mahaifin ɗaya daga cikinsu ya rasu. Yaron ya dawo daga zaman makoki ya fara haɗa akwatinsa, don ya san ba mai biya. Ba mu san lokacin da suka yi shawara ba. Sai ga shugaban ɗalibai a ofis da leda cike da 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari bibbiyu, kuɗin kashewarsu na zango. Sharaɗinsu ɗaya: kada a gaya masa, a ce masa makaranta ce ta yafe. Kuɗin bai kai ba, malamai suka cika, mai makaranta ya yafe na zangon. Yaran nan kwaki da ƙuli suka yi ta sha har hutu, ba wanda ya yi ƙorafi. Ko takardar shaida ba mu da ita ta irin wannan aiki.

Ga damuwarmu. Makarantar kuɗi da sakamako take talla, domin shi iyaye ke tambaya, kuma suna da gaskiya: ba kiredit biyar da Turanci da lissafi, ba jami'a. Ba mu raina wannan ba, a kansa muka kwana muka tashi shekara shida. Sai dai a ranar biki mun ga yaron da ya ci 190 ya raɓe a bayan rumfa, yana kauce wa idon mahaifinsa, shi da ya yi shekara biyu yana raka marasa lafiya ɗakin shan magani da tsakar dare. Idan ya bar nan da yaƙinin cewa shi ba kowa ba ne saboda hotonsa ba ya ƙofa, an yi asarar da ta fi faɗuwa jarrabawa. Jarrabawa ana sakewa baɗi. Yaron da ya raina kansa kuwa, Allah kaɗai ya san yaushe zai dawo.

Shi ya sa bana muka zauna muka rubuta wa kowane ɗayansu 'yan layuka, muka sa a cikin ambulan ɗin takardar shaidarsa. Ba mu yarda da "yaro ne mai ladabi da biyayya" ba, don wannan rigar kowa tana shiga. Sai da muka nemo wa kowa abu guda da ya yi, wanda ba wanda ya yi sai shi. Na wasu ya zo nan take. Na wasu sai da muka tambayi mai gadi da masu dafa abinci, kuma su ne suka fi mu sani.

Idan a gidanku akwai wanda ya gama sakandare bana, bayan kun tambaye shi nawa ya ci, ku tambaye shi wa zai yi kewarsa a makaranta, kuma don me. Ku saurari amsar da kyau.

Yaranmu, Allah ya yi muku albarka, ya sa sakamakon da ake jira ya zo da alheri, ya jiƙan iyayen da ba su ga wannan rana ba. Ƙofarmu a buɗe take.