Ashe Murfi Ne

Agustan bara ruwa ya kwana biyu yana zuba a Gummi, ga kayan ango jiƙe, na yi alkawarin gobe. Akwai wuta, injina yana wanki, amma ɓangaren matsewa ya ƙi tashi. Har na fara lissafin kuɗin sabon kwayil.

Dattijo mai gyaran fanka ya ɗaga murfin, ya rufe, ya kasa kunne.

"Yaro, ka ji ƙas?"

"Ban ji ba, Baba."

"Makunnin murfi ne. In bai taɓa ba, injin ba ya juyawa, don kada ya karya hannu. Da gurnani yake, sai mu zargi kafasito."

Ya zare wuta, ya miƙar da ɗan ƙarfen, ya mayar. Injin ya tashi. Ranar ɗaurin aure ango ya sa babbar rigarsa.