Daga Filin Makiyaya Zuwa Ƙofar Baitalami

Baitalami ƙaramin gari ne a kan tudu, mil 6 kudu da Urushalima. Ba yaron da ya zauna a ajin makarantar Lahadi da bai san sunansa ba. A nan Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, a nan Dawuda ya yi kiwon tumakin ubansa, a nan kuma aka haifi Ubangijinmu Yesu, kamar yadda annabi Mika ya faɗa tun da daɗewa. Da Ibrananci ma'anar sunan ita ce gidan gurasa, Larabawa kuwa suna ce da shi Bait Laham, wato gidan nama. Tun da Kirsimeti ya ƙarato, bari in ba ku labarin abin da na gani can sa'ad da Allah ya ba ni zarafin zuwa tare da masu ziyara, kafin yaƙin Gaza.

Daga Urushalima tafiyar ba ta da nisa, amma ba a shiga kai tsaye. Akwai doguwar katanga ta siminti da shingen sojojin Isra'ila, gama tun 1995 garin yana hannun hukumar Falasɗinawa. Kabarin Rahila matar Yakubu yana nan kusa da mashigar. Da ka wuce shingen sai ka ga gidajen farin dutse bisa tuddai, da gonakin zaitun, da kantunan masassaƙa masu sassaƙa komin dabbobi da 'yan raƙuma da itacen zaitun. A watan Disamba akwai sanyi irin na Jos, sai dai mu muna cikin hunturu da ƙura, su kuwa lokacin ruwan samansu ke nan. A da Kirista ne suka fi yawa a garin, amma da yawa sun yi ƙaura zuwa ƙasashen waje saboda wahala, yanzu Musulmi suka fi yawa.

Filin Makiyaya

Ja-goranmu bai fara kai mu inda aka yi haihuwar ba. Ya gangara da mu gabas zuwa wani gari mai suna Bait Sahur, inda ake ce da shi Filin Makiyaya. Wurin ba shi da wani ado. Duwatsu ne da ciyawa da 'yan itatuwa, sai koguna waɗanda hayaƙi ya baƙanta rufinsu, irin waɗanda makiyaya suke fakewa a ciki da dabbobinsu. An gina wani ɗan ɗakin sujada can a shekarun 1950 mai siffar alfarwa, da ƙananan tagogi a rufinsa domin haske ya zubo daga sama.

A irin wannan fili ne, in ji Luka sura 2, Allah ya fara raba goron gayyata. Ku lura da waɗanda aka kai wa. Fadar Hirudus tana nan, manyan firistoci suna Urushalima, amma mala'ika ya wuce su duka ya zo wurin masu aikin dare, masu warin tumaki a jiki. Ku lura kuma da lokacin. Ƙasar tana ƙarƙashin Romawa. Kaisar ya ba da umarnin ƙidaya, mutane suna ta wahalar tafiya, har Yusufu ya taso da Maryamu daga Nazarat, tafiyar fiye da mil 70, ga ta da tsohon ciki. Ba a daɗe ba kuma Hirudus ya sa aka karkashe yara maza a wannan gari. Ashe Allah bai jira duniya ta kwanta kafin ya aiko da albishirin farin ciki ba.

Daga filin, in ka ɗaga kai, kana hangen Baitalami a bisa tudu. Bai kai mil 2 ba, amma hawa ne. Da na dube shi sai na ga abin da ya rage wa makiyayan nan bayan mala'iku sun tafi. Dare bai waye ba, sanyi bai ragu ba, ga tumaki ba mai tsaro. Da sun ga dama da sun koma bakin wuta suna ta taɗin abin mamakin da suka gani. Amma suka tashi suka hau tudun da sauri. Zumunta a ƙafa take. Wanda aka ba goron biki ya ci ya zauna a gida, ya ji labari ne kawai, bai ci biki ba.

Ƙofar Da Ba A Shiga A Tsaye

Mu ma muka hau, amma a mota. A tsakiyar garin akwai wani dandali, masallaci a gefe ɗaya, Majami'ar Haihuwa a ɗaya gefen. Daga waje sai ka ce ganuwa ce. Sarki Kustantin na Rum da uwarsa Helena suka fara gina ta, aka keɓe ta a shekara ta 339. Sarki Justiniyan ya sāke gina ta a ƙarni na 6, ginin nan ne kuwa yake tsaye har yau. Tana cikin majami'u mafi tsufa a duniya da ba a daina sujada a cikinsu ba. Ana ba da labari cewa sa'ad da Farisawa suka ci ƙasar a 614 suna rurrushe majami'u, sun bar wannan domin sun ga zanen masanan nan na gabas sanye da tufafi irin nasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar. Tsayinta kamar ƙafa 4 ne kawai. A jikin bango ana ganin alamar babbar ƙofa ta dā, wadda aka yi ta toshewa har ta zama 'yar ƙarama, domin kada a riƙa shiga da dawakai. Yanzu ana ce da ita Ƙofar Tawali'u. Bishop da ɗan sharar majami'a, mai kuɗi da talaka, kowa sai ya sunkuya. Na ga wani dattijo a cikinmu ya cire doguwar hularsa ya riƙe a hannu kafin ya iya wucewa. Da yawa daga cikinmu muna rasa murnar Kirsimeti domin mun ƙi sunkuyawa. Wani yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci tun bara saboda iyakar gona. Wata ta ƙi zuwa sujada domin ba ta sami sabon zane kamar na maƙwabciyarta ba. Ƙofar a buɗe take, kayan da muka ɗauko ne ba su wucewa.

A ciki akwai matakala mai gangarawa zuwa wani ɗan kogo. A ƙasa an kafa tauraron azurfa mai tsini 14, alamar wurin da tun zamanin dā Kirista suka ɗauka nan ne aka haifi Yesu. Layi yana da tsawo, wurin yana da matsi, ba a barin mutum ya daɗe. Amma na ji ana waƙa da harsuna iri iri, mu ma muka yi tamu da Hausa. A wani kogo kusa da wannan, wani malami mai suna Jerom ya zauna shekaru fiye da 30 yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, har ya rasu a 420. Irin wannan aiki ne ya ci gaba daga harshe zuwa harshe har muka sami namu na Hausa a 1932. Makiyayan nan ba su riƙe labarin a bakinsu ba, waɗanda suka biyo bayansu ma haka.

Shekarar Da Ba A Kunna Fitilu Ba

A Baitalami sau uku ake bikin Kirsimeti: 25 ga Disamba, da 7 ga Janairu, da 19 ga Janairu, bisa ga lissafin kowace ɗarika. Amma a 2023, saboda yaƙin Gaza, shugabannin Ekklesiya suka ce a bar shagali. Ba a kafa babban itacen Kirsimeti a dandali ba, baƙi ba su zo ba, masassaƙa suka rasa ciniki. Haka kuma aka yi a 2024. A wata majami'ar Lutheran ta garin, sai aka kwantar da siffar jariri Yesu a kan ɓaraguzan gini maimakon komi. Duk da haka ba a rufe ɗakunan sujada ba. An yi addu'a, an karanta Luka 2, an ci jibin Ubangiji.

Mu ma mun san irin wannan. A daren jajiberin Kirsimeti na 2023 aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Jihar Filato, aka kashe mutum fiye da 100. Akwai gidajen da har yau kujerar wani take wofi. Akwai kuma waɗanda tsadar shinkafa da kaza ta hana su barci. Ba wanda zai ce wa irin waɗannan su yi dariyar dole. Amma shagali dabam, farin ciki dabam. Shagali yana bukatar kuɗi da zaman lafiya. Farin cikin da aka yi wa makiyaya albishirinsa yana tsaye a kan abu ɗaya, wato an haifa mana Mai Ceto, ba kuwa mai iya mayar da wannan baya.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawarata. Kafin a ɗora tukunya ranar Kirsimeti, maigida ya tara iyalinsa a karanta Luka 2:1-20, yara su ma su karanta aya bibbiyu. In akwai wanda ba ku ga maciji da shi, ku taka ku je gidansa tun kafin ranar. Sa'ad da ake rabon abinci, kada kwano ya tsaya a gidajen da za su rama kaɗai. A kai wa gwauruwa, da mai gadi, da wanda yake kwance a asibiti, da maƙwabcinmu Musulmi. Wanda kuma yake makoki bana, kada a bar shi shi kaɗai, a je a ɗauko shi zuwa sujada.

Ubangiji ya ba mu ƙafar makiyaya. Barkanmu da Kirsimeti.