Ɗan Duniya a Kaduna

Ka ce wa dattijo a Tudun Wada ɗansa ya zama ɗan duniya, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. A Hausarmu, ɗan duniya shi ne wanda idonsa ya buɗe har ya fi ƙarfin gida. Shi ya sa dariya ta kusa ƙwace mini a wani taron matasa a Unguwar Rimi, da mai jawabi ya ce burinsu yaranmu su tashi 'yan duniya. Na dai gane nufinsa: mutum ya ɗauki kansa ɗan Adam kafin ɗan wata ƙasa, haƙƙinsa ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, kuma abin da ya sami mutanen Gaza ko Sudan ya hana shi barci.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatakenmu sun bi goro har Gwanja, sun kafa zango a Kumasi. Alhazan da suka nufi Makka a ƙafa sun yada zango a Sudan, jikokinsu na nan a Mai Wurno. Kaduna ita kanta garin baƙi ce. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, in ka cire Gbagyi da aka tarar, kusan kowa zuwa ya yi.

Amma ga abin da ya faru da ɗan maƙwabcina. A Unguwar Sanusi aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Kakansa ne ya zo daga Nguru a jirgin ƙasa. Ya je neman aiki da takardunsa cikin leda, ma'aikacin ya juya su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Samari, ina takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali?" Yaron da ke hira da abokai a Malesiya ta waya kullum dare, sai ga shi baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ce ta soke bambancin ɗan asali da ɗan zama, har ta fito da katin mazauna jiha. Madalla. Sai dai kundin tsarin mulkin 1999 har yau da kalmar ɗan asali yake rabon kujerun minista, fom ɗin aikin tarayya kuma bai daina tambaya ba.

Ta ɓangaren mulki kuwa, duniya ta riga ta shigo mana ɗaki. A 2018 Kaduna ta shiga ƙawancen nan na duniya na gudanar da gwamnati a buɗe, ana sa kasafin kuɗi a intanet. A shekarar ce majalisar dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da jihar ta nema daga Bankin Duniya, aka yi ta kai ruwa rana, daga baya kuɗin suka zo. A Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587. Da dala aka ranto, da naira ake biya, naira kuwa kowa ya ga yadda ta zube. Ke nan mai shayi a Kawo ya daɗe da zama ɗan duniya ta fuskar biyan bashi, ba tare da an tambaye shi ba. Mai ba da rance yana da ranar da zai zo a yi masa bayani filla-filla. Mai shayi fa? Kuma tsakani da Allah, mu masu waya a hannu, mu nawa ne muka taɓa buɗe kasafin nan muka duba nawa aka ware wa asibitin unguwarmu?

A cikin gari kuwa, ban manta da gadar kogin Kaduna ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, kogin ya zama iyaka tsakanin ɓangarorin garin biyu, har akwai matasan da suka fi sanin titunan Dubai a hoto fiye da Sabon Tasha. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye daga garin nan suka fito, aka gayyace su sulhu har Kenya, mu kuma muna tambayar sunan mutum kafin mu ba shi hayar ɗaki.

Ɗan maƙwabcin nawa dai ya hau mota zuwa Nguru neman takardar asali ranar Laraba, da sunan wani dattijo a rubuce a takarda, wai shi ne ya san kakansa.