Amsar Da Na Kai Wa Mahaifina

Ranar da na sami gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a, mahaifina, wanda ɗan kasuwa ne, ya ce, "Wannan ilmin Nasara, me zai amfana maka gobe Kiyama?" Na rasa amsa.

Sai a shekarar farko malaminmu ya bayyana mana cewa algoridim, wato jerin matakan da na'ura ke bi ta warware lissafi, daga sunan Al-Khwarizmi aka samo shi. Shi ne malamin Bagadaza da ya wallafa littafin Aljabara wajen shekarar 820 Miladiyya, kuma babban kashinsa a kan rabon gado da wasiyya ne.

Da na koma hutu, na gaya wa Baba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe kayanmu ne. To, riƙe shi da amana."

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.