Kafin Ka Ɗora Sukudireba a Kan Kafireta

Ɗana, tunda ka ce gyaran tsofaffin motoci kake so ka gada, zauna ka ji. Yawancin Peugeot 504 da suka rage a Daura, daga unguwar Kusugu har masu jigilar Kwangwalam da Mai'aduwa, haɗin Kaduna ne, daga kamfanin da ya fara aiki a 1975. Jikinsu ya tsufa, kuma hannaye da yawa sun shiga injinsu kafin naka. Saboda haka kada ka yarda cewa kafiretar da ka tarar ita ce wadda motar ta fito da ita.

Fara wanke bayanta da fetur da buroshi har rubutu ya fito. Galibi za ka ga Solex, tare da lamba. Lambar nan, 32 ko 34, faɗin maƙogwaronta ne a milimita. In ka ga biyu, kamar 32/35, maƙogwaro biyu gare ta: na farko yana aiki kullum, na biyu sai an taka totur sosai yake buɗewa. Rubuta lambar kafin ka aika Ƙofar Ruwa a Kano neman gasket, domin mai shago abin da ka faɗa masa zai ba ka.

In za ka kwance, shimfiɗa farin ƙyalle a faranti, ka jera komai bi da bi. Sukurun silo, kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya tsaya, don ka san inda za ka mayar da shi. Kowane jet da lambarsa a goshi. Na maƙogwaron farko da na biyu sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Ɗauki fulot ka girgiza a kunne: in ka ji motsin ruwa, ya huje, shi ya sa mai ke ambaliya. Dubi bakin allurar da ke tsayar da mai. In ya yi zobe, ta gama aiki. Kama sandar totur ka jijjiga. In tana rawa, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, silo ba zai taɓa zama ba.

Ƙurar hunturu da man galan na bakin hanya su ke toshe jet, sai mai ya riƙa zuwa jefi-jefi, kamar ruwan rijiyar Kusugu a labarin macijin da ya hana ɗiba sai Juma'a. Maganinsa wanki da iska mai ƙarfi. Kada ka kuskura ka zura waya. An taɓa kawo mini motar wani direban Kazaure da aka yi wa haka: ramin ya faɗaɗa, hayaƙi baƙi ƙirin, filogi duk sun yi kunkunniya, kuɗin lodinsa na ƙarewa a gidan mai. Injin na son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi, kuma ɗan ramin nan ne ma'aunin.

Bayan ka haɗa, bari injin ya yi zafi kafin ka taɓa silo. A zaga da motar, sannan ka cire filogi: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai ya yi yawa, fari ya yi kaɗan. Kuma ka duba wuta tun farko. In laifin nata ne, faɗa wa mai mota gaskiya, ka karɓi kuɗin gyaran wuta kawai.