Bubon ba ta da nisa

A fadarmu ta Koira Kano akwai wani aboki da ya san ƙauyukan Toskana ta ƙasar Italiya kamar can aka yanke masa cibi. Wayarsa cike take da hotunan garuruwa bisa tudu, gonakin inabi kewaye da su, baƙi su zo da safe su koma da marece. Amma ka ce masa Bubon, kilomita 25 daga Yamai ta hanyar Tillaberi, sai ya ce ai can babu komai. Bai taɓa zuwa ba fa. Kuma da yawanmu haka muke: mun taso muna ganin yawon buɗe ido aikin anasara ne, mu ba mu barin gari sai biki ko gaisuwar mutuwa.

Ni da wata ƴar ajinmu mun je ran wata Laraba, ranar kasuwar garin. Bubon tana kan gangare, tana leƙen kogin Isa. Inabi dai babu, sai mangwaro da garake a bakin ruwa. Tun hantsi kwalekwale ke isowa daga ƙetare, mutane da awaki da buhunna duk a haɗe, har ka ce yanzu zai nutse. Abin da ya tsayar da ni shi ne tukwane. Mata ke gina su da hannu, randuna da tuluna jere a ƙasa, an yi musu zane fari da ja. Abokiyar tafiyata ta ɗaga waya za ta ɗauki wata tsohuwa, tsohuwar ta ce mata da Zabarmanci: "Ɗiyata, in saye za ki yi, saya. Ni ba dorina ba ce." Muka yi dariya, muka sayi tulu. Sai a lokacin ta zaunar da mu tana nuna mana yadda ake ƙwanƙwasa tukunya a ji ko ta gasu.

Dattijon da ya ɗauke mu cikin kwalekwale shi ya tayar da zancen Kure. Tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a wurin kallon raƙuman dawa, baƙin da ke biyan shi don ganin dorina suka ɗauke ƙafa. Na ce, "Baba, to mu ƴan gida fa?" Ya ce, "Ku tulu kawai kuke zuwa saye, ba ku kallon ruwa."

Na san iyayenmu na tsoron hanyar nan, kuma suna da hujja, jihar Tillaberi ba wurin wasa ba ce yanzu. A tambayi labarin hanya kafin a fita, a riƙe katin ɗan ƙasa, a komo kafin magariba. Wanda aka hana ma, ga duwatsun nan uku da ake kira Trois Sœurs a Harobanda, ƙetare gadar Kennedy, daga samansu ana hangen Yamai.

Dorinar kuwa mun gan ta, kunnuwa biyu da hanci can tsakiyar ruwa. Baba ya hana mu matsawa kusa, ya ce tana da ɗa.