Dutsen Niƙa Mai Ƙafa Uku

A cikin dokokin da Allah ya ba Isra'ila ta hannun Musa akwai wata gajeruwa da ba kasafai ake wa'azi a kanta ba. Tana cikin Maimaitawar Shari'a sura 24 aya 6. Dokar ta hana mai bin bashi ɗauke dutsen niƙan wanda yake bi a matsayin jingina, ko da ɗan dutsen na sama ne kaɗai, domin yin haka daidai yake da riƙe ran mutum. Waɗanda suka tashi a ƙauye tun injin niƙa bai zo ba, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Gidan da babu dutse babu gari, gidan da babu gari kuwa da yunwa za a kwana. Dokar ba ta soke bashin ba, bashi yana nan sai an biya. Abin da ta hana shi ne a bi bashi ta hanyar da za ta durƙusar da wanda ake bi.

A biranenmu na yau dutsen niƙa ya sake kama. A gidaje masu yawa ƙafa uku gare shi da rufin tamfol, shi ne keke napep. Ya samo sunan nan daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a shekara ta 2001. Mutanen Kano suna ce masa A Daidaita Sahu, na Legas kuma Keke Marwa. Da aka hana acaɓa a manyan birane da dama, sai matasa suka koma kansa. Da yawa daga cikin masu tuƙa shi ba nasu ba ne. Wani ya karɓa ne a kan zai riƙa kai wa mai shi balas kowace yamma, wani kuma yana biya kaɗan-kaɗan har keken ya zama nasa. Ranar da keke bai fita ba, balas bai fasa hawa kansa ba, tukunyar gidansa kuwa ba za ta hau wuta ba.

Ban fahimci nauyin ayar nan sosai ba sai a daminar bara. Ina komawa gida da yamma ta Sabon Tasha, a nan Kaduna, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Wani keke ya kauce wa rami, birki bai kama ba saboda santsi, sai ya bugi ƙofar baya ta motata, ya fasa fitilar baya, sa'an nan ya jingina da bakin kwalbati. Gilashinsa na gaba ya tsage, ƙafar gaba ta karkace. Allah ya kiyaye, ba wanda ya karye. Direban, saurayi ne da bai wuce sa'ar ɗana na uku ba, ya ƙuje gwiwar hannu. Fasinjarsa mace ce mai sayar da ƙwai, kiret shida ta ɗauko, huɗu sun zube a kan titi.

Kafin in buɗe ƙofa mutane sun taru, shawara kuma ta rabu biyu. Waɗansu suna cewa, "Baba, zare makullin, kada ka ba shi sai ya gyara maka mota!" Waɗansu da suka san ni a ikkilisiya suna cewa, "Baba, ai kai dattijo ne, ka ce ba komai, ka bar wa Allah." Saurayin ya tsuguna, jikinsa yana rawa, ba abin da yake faɗa sai, "Baba, ka yi mini rai." Tsoronsa ya wuce na kuɗi. Shi Musulmi ne, ya bugi motar Kirista a unguwar da yawancin mazaunanta Kirista ne. Duk wanda ya ga abin da ya sami garin nan a shekarun 2000 da 2002 da 2011 ya san yadda ƙaramar magana takan girma in ta shiga bakin taro. Saboda haka na kama hannunsa na tashe shi tsaye, na ce, "Ɗana, tashi. Ƙarfe ne ya bugi ƙarfe, za mu zauna mu yi lissafi." Da jama'a suka ga babu faɗan da za a kalla, sai suka fara watsewa.

Shawarar zare makulli ba ta yi mini wuyar ƙi ba, gama makullin nan shi ne dutsen niƙa. In na riƙe keken kwana biyar, na ɗora wa yaron balas na kwana biyar, na kuma toshe hanya guda ɗaya da zai sami abin biyana. Shawara ta biyu ce ta fi bukatar tunani, domin ta yi kama da ibada. Amma "ba komai" ba gaskiya ba ce a ranar. Ƙofa ta loɓa, fitila ta fashe, ƙwan baiwar Allah suna gangarawa cikin kwata. In na ce ba komai na ja motata na tafi, mutane za su yaba mini, ita kuwa da ta fi mu duka rauni za ta koma gida da asararta, ba wanda ya tambaye ta. Akwai kuma wata irin yafewa da takan tsaya a baki kawai, zuciya tana can tana riƙe da lissafi, har a shekara ana ba da labarin da ɗaci.

Littafi Mai Tsarki bai raina zancen ɓarna ba. Wanda ya karanta Fitowa sura 21 da 22 zai ga yadda Allah ya kula da ƙananan al'amuran maƙwabtaka: san da ya tunkuyi san wani, ramin da aka haƙa ba a rufe ba har dabba ta faɗa, wutar da ta tsallaka ta cinye hatsin gonar maƙwabci, dabbar da aka sake ta yi kiwo a gonar wani. A kowane ɗaya an faɗi wanda zai biya da yadda zai biya. Allahn da ya yi magana a Dutsen Sina'i bai ga ƙasƙanci ba ne ya tsara hukuncin jakin da ya faɗa rami. Zakka ma, da Yesu ya sauka a gidansa, da dukiyarsa ya nuna tubansa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Ga yadda muka yi. Muka fara da mutane kafin ƙarafa. Aka kai direban da matar kemis aka wanke ciwo, aka tabbata ba wanda ya bugu a ka. Muka ɗauki hoton motar da keken da waya tun ba a gusar da su ba, sa'an nan muka ture su gefe don kada mu tare hanya. Yaron ya kira ciyaman na tasharsu, ya kuma kira mai keken. Na tambayi takardar inshora, domin dokar ƙasar nan ta wajabta wa masu abin hawa yin inshora saboda cutar da za su iya jawo wa wani. Da yawanmu muna ɗaukarta takardar nuna wa jami'ai a hanya kawai, alhali irin wannan rana aka yi ta dominta. Ta keken nan ta ƙare wata biyu da suka wuce, ba a sabunta ba, don haka nauyin ya dawo kanmu mu huɗu.

Washegari muka tafi tare wurin masu gyara a Panteka, domin kowa ya ji kuɗin aiki da kunnensa. Wanda ya je shi kaɗai ya dawo da lissafi, ko gaskiya ya faɗa, ya buɗe ƙofar zargi. Mai bugun mota ya ce ƙofar ba sai an sake ta ba, za ta bugu a yi mata fenti. Fitila kuma aka sami tsohuwa mai kyau, irin wadda ake cirewa daga motocin da suka mutu, a rabin kuɗin sabuwa. Na yarda da ita, gama motata ma ba sabuwa ba ce. Ba daidai ba ne mutum ya mai da tsautsayin wani hanyar sabunta kayansa.

Inda magana ta yi tsauri shi ne wajen mai keken. Yana so yaron ya gyara keken duka, ya kuma kawo balas na kwanakin da zai yi a wurin gyara. Na tuna masa da abin da ke cikin Fitowa 22:14-15, inda aka bambanta dabbar aro da dabbar haya. Wanda ya ari dabba ta ji ciwo a hannunsa, mai ita ba ya wurin, shi zai biya. In kuwa haya aka yi, asarar tana cikin kuɗin hayar. Na ce masa, "Ɗan'uwa, wanda yake cin ribar keke kowace yamma, ya kamata ya ɗauki rabonsa ranar asara. Takardar da ta ƙare ma a hannunka take." Bai ji daɗi ba da farko, amma ciyaman, mutum mai haƙuri da ya saba da irin wannan sulhu, ya goyi bayan maganar.

Muka rubuta yarjejeniya a takarda, kowa ya sa hannu, ciyaman ya zama shaida. Mai keken zai gyara kekensa, ya kuma ɗauke balas na kwana uku. Direban zai fara biyan mai ƙwai kafin kowa, domin bashi ta ɗauko kayan, jarinta ke nan gaba ɗaya. Bayan ya gama da ita zai biya kuɗin fitilata, naira dubu biyu kowace Asabar. Gyaran ƙofa da fenti, wanda ya fi kowanne tsada, ni na ɗauka. Makulli kuwa bai bar hannun yaron ba.

Kuɗin ƙofar nan daga abin da muke tarawa don gyaran rufin ɗakin baya ya fito, ɗakin kuma ya ci gaba da yoyo har ƙarshen damina. Da na gaya wa matata, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "Maigida, na yarda. Amma in ka yafe, ka yafe yadda ba za mu riƙa jin labarin ƙofar nan a kan tuwo kowane dare ba." Na riƙe wannan magana. Yaron kuwa bai taɓa tsallake Asabar ba. Wani ɗan'uwa ya ce mini in yafe masa ragowar, na ƙi. Abin da zai iya ɗauka ne, biyansa kuma shi ya ba shi damar shiga gidana da kansa a ɗage, ba kamar mai roƙo ba.

Tun daga lokacin nake karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon da sabon ido. Unisimas ya gudu daga wurin maigidansa, da alama ya jawo masa asara. Bulus bai ce wa Filimon ya yi kamar ba abin da ya faru ba. A aya ta 18 da ta 19 ya ce a ɗora bashin a kansa, ya kuma rubuta alkawarin biya da hannunsa, shi da yake a kurkuku. Basamariyen nan na Luka sura 10 ma bai tsaya ga jin tausayi ba, ya fitar da dinari biyu ya ba mai masauki, ya kuma ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa. Duk inda aka yi ɓarna, dole wani ya biya. Gafara ba ta ɓatar da asara, mai gafarar ne yake jawo ta kansa da yardar ransa.

Wannan shi ne abin da aka yi mana a kan gicciye. Allah bai dubi zunubinmu ya ce ba komai ba, gama shi mai adalci ne. Bai kuma riƙe ranmu jingina ba, ko da yake yana da iko ya yi haka. Kolosiyawa 2:14 ta kwatanta laifinmu da takardar bashi da take tsaye gāba da mu, wadda Almasihu ya kawar ta wurin kafa ta a kan gicciye. An yi lissafin daidai, ba a rage ko kwabo ba, wanda ba ya cikin bashin kuma shi ya biya.

Ya 'yan'uwa, a cikin kowace ikkilisiya ta birni akwai mu duka: masu mota, masu tuƙa keke, masu ba da keke haya, da masu ɗauko kaya a bayansa. In an yi maka ɓarna, ka faɗi gaskiyar asararka, kada ka ƙara, kada ka ɓoye, sa'an nan ka duba abin da ɗan'uwanka zai iya ɗauka ba tare da ya karye ba. In kai ka yi ɓarnar, kada ka gudu, kada kuma ka fake da "ai Kirista ne, zai yafe." In kana da keke a hannun wani yaro, ka sabunta takardunka, ka duba birki da taya kafin damina, ka kuma tuna cewa balas ɗinka daga gumin mutum yake fitowa. A kowane sulhu kuma, mu waiwaya mu nemi wanda ya fi kowa rauni a wurin, gama sau da yawa shi ne ba ya iya ɗaga murya.

Ya Ubanmu na sama, kai da ka ɗauki bashin da ba za mu iya biya ba, ka koya mana gaskiya a cikin lissafi da jinƙai a cikin karɓa. Ka tsare matasan da suke neman abinci a kan titunanmu, ka kai su gida lafiya kowace yamma. Ka kiyaye hannuwanmu daga ɗauke abin da maƙwabcinmu yake rayuwa da shi. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.